Shekarar da Muka Yi Sallama Ba Mu Tafi Ba

Maigidana wanzami ne, kuma tun kafin a kai ni gidansa na san yana da fuka. Da bazara da damina lafiyarsa ƙalau, yakan rataya zabira ya zaga garin Tawa tun hantsi har la'asar. Amma da zarar an gama kaka, sanyi ya sauko daga arewa, sai ƙirjinsa ya fara kuka. Yakan zauna ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, kafaɗunsa na hawa suna sauka, ko sallama ba ya iya amsawa. Ya sha jiƙo iri-iri, an yi masa turare, shi da ke yi wa mutane ƙaho ya kwanta an yi masa a gadon baya, duk ba a ga sauƙi ba.

Ƴan shekaru bayan an samu mulkin kai, ciwon ya kayar da shi har sai da aka ɗora shi a kan jaki aka kai shi likita. Malamin asibitin da ya duba shi, wani Kirista mutumin kudu, ya tambaye shi ko ya taɓa wuce lokacin ɗari bai yi wannan ciwo ba. Maigida ya ce sau ɗaya tak, shekarar da ya je cin rani Kurmi yana saurayi. Kurmi a bakinmu shi ne duk ƙasashen kudu na bakin teku. Mutumin ya ce masa to ai ya riga ya san maganinsa, ƙirjinsa ba ya jure sanyi da bushewar ƙasarmu, ya nemi inda ake zafi da laima shekara duka ya zauna.

Zuwa Kurmi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu ta Adar. Kowace shekara maza suna tafiya bayan kaka, su dawo da faɗuwar ruwa. Amma mu tafiyar zama za mu yi, da shi da ni da ɗiyarmu da ke goye. Wurare biyu muke da masauki. Wan maigida yana Ankara ta ƙasar Gana, ya daɗe a can, kowa ya san yana da shagon tufafi a kasuwa. Ni kuma yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana Abijan yana sayar da albasa. Dukansu sun sha aiko da cewa mu zo.

Damina guda aka yi ana wannan magana. Da yamma in an taso daga gona, waɗanda suka san Kurmi sukan taru a ƙofar gidanmu, ni ina ciki ina jiyo su ta bayan darni. Masu son Ankara suna cewa zangon Hausawa na can gari ne guda, wanzami ba zai wuni bai taɓa kai ba, ga iskar teku tana kaɗawa har cikin ɗaki. Masu son Abijan suna cewa a Gana kuɗinsu daban, Turancinsu daban, ɗan sanda ya yi maka magana ba ka san me ya ce ba. Abijan kuwa Faransanci ake yi kamar gida, kuɗinmu ɗaya da su, kuma garin sai girma yake yi. Wani ya ce ruwan Abijan ya yi yawa, tufa ba ta bushewa, mutum sai ya yi funfuna yana tafiya. Wani ya ce ai mai fuka funfunar yake nema. Aka yi ta dariya. Akwai wani tsoho da bai taɓa wuce Ƙwanni ba, amma ya fi kowa sanin inda sauro ya fi cizo.

Ni a raina Abijan nake so, don rabona da yayana tun ina budurwa. Amma ban faɗa ba, ba a kuma tambaye ni ba. Da gero ya fara nuna, maigida ya ce Ankara za mu, wurin wansa. Na ce Allah ya sa hakan ya fi alheri.

Wadda ta fi kowa murna ita ce surukata, da muke kira Inna. Babban ɗan nan nata na Ankara shi ne ƙafarta shi ne idonta. Shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi wa maigida aure. Ya taɓa aiko mata da bargo mai ja da wata babbar tasa mai zanen furanni. Ba ta taɓa zuba abinci a tasar ba, tana kan jere a ɗakinta, duk baƙuwar da ta shigo sai an sauko da ita an nuna mata. Inna mace ce mai kirki a gare ni. Lokacin da na haihu ita ta yi mini wankan jego da hannunta, ba ta bari an kai ni gidan iyayena a Kalfu ba, ta ce ai ita ma uwa ce.

Bayan an kai hatsi rumbu muka shiga sallama. Maigida ya bi gidajen da yake yi wa aski tun zamanin mahaifinsa, ɗaya bayan ɗaya, yana gabatar musu da ɗan baffansa, shi ma wanzami, yana cewa ga wanda zai riƙe su daga yau. Ya ba da aron gonarsa. Rabonmu na hatsi ya sayar da wani don guzuri, sauran ya juye a rumbun Inna. Ni ma na raba kayana, don ba a hawa mota da turmi. Turmina da taɓarya na ba maƙwabciyarmu ta gabas, randa da tukwane na raba wa matan unguwa, akuyata na aika wa mahaifiyata Kalfu. Na bi gida-gida ina neman gafara, tsofaffi suna tofa mini albarka a tafin hannu, ƙawaye muna rungume juna muna kuka. Liman ya yi mana addu'a a masallaci ranar Juma'a. Ba wanda ya rage a unguwar da bai ce mana sai wata rana ba.

Ranar tafiya kusan rabin unguwa suka raka mu tasha. Inna ta ba ni wani ƙunshi, cuku ne da busasshiyar kuɓewa da yaji, ta ce in damƙa wa babban ɗanta hannu da hannu. An riga an ɗora kayanmu a kamyon, babbar motar kaya da za ta yi Ƙwanni, na hau na zauna a kan buhu da ɗiyata a cinya, sai na ga wani mutum ya zo da sauri yana tambayar ina wanzam. Na san shi sama-sama, falke ne mai safarar goro, ya iso daga kudu ke nan. Ya kama hannun maigida ya ja shi bayan mota. Na ɗauka gaisuwa ce da saƙo. Suka daɗe, har direba ya fara faɗa.

Da maigida ya fito, bai kalli kowa ba. Ya ɗaga kai ya ce wa yaran mota, "A sauke kayanmu."

Inna ta ce, "Lahiya?"

Ya ce, "Lahiya lau, Inna. Ina son in ƙara shawara. Kamar Abijan za ta hi dacewa da ƙirjina. Ban sani ba tukuna."

Na sauko daga motar nan. Muka ɗauki kaya a kai muka biyo hanyar da muka bi da safe, mutanen da suka raka mu suna biye da mu. Matan da suka ɗaga mini hannu ɗazu daga ƙofar gidajensu suna nan tsaye ba su shiga ba. Na ja mayafi na rufe fuska har ban ga gabana sosai. Da muka isa, ɗakinmu wayam, sai tabon da randa ta bari a ƙasa.

Na yi zaton motar mako mai zuwa za mu bi. Mako ya zo ya wuce, wani ya biyo. Mazan da za su cin rani duk suka watse, gari ya rage sai mata da tsofaffi da mu.

Washegarin dawowarmu Inna ta auno mini gero daga rumbunta, na tsaya da ƙwarya a hannu, sai a lokacin na tuna ba ni da turmi. Na daɗe a tsakar gida kafin na iya fita. Na yi sallama gidan maƙwabciyarmu, ga turmina nan a gindin bishiya, ta riga ta yi daka a ciki. Na ce ta ara mini. Baiwar Allah ta ruɗe, ta ce in ɗauka gaba ɗaya, ai nawa ne. Na ce a'a, kyauta ba ta komawa, kuma ai tafiya za mu yi, aro dai nake so. Haka na yi ta yi duk ɗarin nan. Kullum in je in mirgino shi, in na gama in mayar. Na fi son wannan wahala da in karɓe shi, don karɓewa na nufin mun fasa, kuma maigida bai ce mun fasa ba. Tukunyar da nake girki ma ta aro ce, a hannun wadda na ba.

Rijiya ta fi ko'ina yi mini nauyi. Da na doso sai wata ta ce, "Maraba da mutanen Kurmi! Yaushe a gari?" Wata ta ce, "Ina tsarabarmu? An ce ruwan teku gishiri gare shi, gaskiya ne?" Ba da mugunta suke yi ba, wasu ma ƙawayena ne, amma ni ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma zuwa ɗiban ruwa da tsakar rana, lokacin da ba kowa.

Shi kuwa maigida ya zama abin kallo. Ba shi da gidan aski ko ɗaya, duk ya bayar, kuma ba zai je ya ce a mayar masa ba. Aka yi suna a bayan gidanmu, gidan da shi ya yi wa uban jaririn kaciya, ya je ya zauna cikin baƙi yana kallon ɗan baffansa yana aske kan yaron. Sauran lokaci yana tasha ko bakin kasuwa. Duk wanda ya sauko daga motar kudu sai ya tare shi da tambaya. A Ankara wane wata aka fi ruwa? A Abijan ɗakin haya yana da taga? Wanne ya fi kusa da teku? Tambayoyin da aka amsa masa tun da damina, su yake ta maimaitawa, yau ya ce ya karkata nan, gobe ya ce can. Maza suka sa masa suna Mai Hanya Biyu. Yara suka ɗauka, har suka yi masa ɗan waƙe suna tafi idan ya wuce.

Ga sanyi ya kama sosai. Ciwon da muke gudu ya same shi a inda ya saba samunsa. Ina dafa masa ruwan zafi, ina riƙe masa kafaɗa, raina kuma yana tafasa, don na ga mutum ya san maganinsa ya ƙi sha. Inna takan fito da ƙunshin cukun nan ta shanya a rana don kar ya lalace, ta mayar ta rataye. Takan dube shi ta yi ajiyar zuciya.

Wajen ƙarshen ɗari aka haihu a gidanmu na Kalfu, muka kama hanya a ƙasa za mu suna. Mun yi nisa da gari numfashinsa ya fara tsayawa, muka ratse gindin wata aduwa ya zauna. Ba kowa a wurin sai mu da ɗiyata tana barci a bayana. A Kalfu ma na san abin da ke jirana, dangina da na yi wa sallama da kuka za su sake ganina. Abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito.

Na ce, "Ni dai na gaji. In Ankara za mu, mu tahi. In Abijan za mu, mu tahi. In ko nan za mu zauna, ka hwaɗa ma mutane mun hwasa, in karɓo turmina in huta. Namiji kamar kai ya kasa zaɓen hanya, har yara na yi mai waƙa?"

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya dafa gwiwoyinsa yana jan numfashi. Can ya ce, "Kin tuna mutumen da ya ja ni bayan mota?"

Na ce na tuna.

"Yaya na Ankara ya turo shi. Shagon nan babu shi. Tun bara wuta ta tashi a layinsu, ba su hidda ko ƙyalle ba. Yanzu dako shike yi a kasuwa, shina kwana a barandar wani. Ya ce ya haɗa ni da Allah kar in zo in gan shi haka, balle in kawo mishi iyali. Kuma ya ce in Inna ta ji, bai yahe min ba."

Sai da na ɗan natsu na ce, "To ai sai mu tahi Abijan."

Ya ce, "Haka kawai? In tsallake wana, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shago, wanda ya yi min aure, in tahi in zauna gindin surukina? Kowa sai ya tambayi dalili. Inna za ta sa a bincika mata ko mun ɓata da shi. Mutum ɗaya ya je ya leƙa, magana ta hito. Gara a ce ni na cika wauta. Wauta ba ta kashe tsohuwa."

"Har yaushe za ka yi ta yin haka?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Ina jira ko Allah zai buɗa mishi."

Na zauna a kan turɓaya kusa da shi. Maganar da na faɗa masa ta dawo mini, na kasa ɗaga ido. Duk watannin nan ina jin kunyar a gan ni tare da shi, ashe shi da gangan yake fita kullum ya tsaya inda za a yi masa dariya. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, in tashi mu tafi kar rana ta yi.

A wurin sunan ban san me na ci ba, ban san wa na gaisar ba. Tunani ɗaya nake yi: in muka zauna, wani ɗarin zai zo, kuma ban tabbata ƙirjin nan zai ƙara ɗaukar wani ba. Abin da ya rage shi ne a samu dalilin da zai kai mu Abijan wanda ba zai sa kowa ya waiwayi Ankara ba. Kuma dalilin da mutane za su yarda da shi nan take, ba tare da bincike ba, guda ɗaya ne.

A hanyar dawowa na faɗa masa. Na ce a ce ni ce na ƙi zuwa Ankara. Ya tsaya cak ya ce, "Ba ki san abin da kike shirin ɗauka ba. Inna ba za ta ƙara dubinki da idon da take dubinki ba." Na ce na sani. Ya ce bai yarda ba. Na ce ban nemi ya yi ƙarya ba, ya yi shiru kawai. Bai ce e ba, bai kuma ƙara cewa a'a ba.

Na jira safiyar da wata tsohuwa ƙawar Inna ta zo, wadda na san magana ba ta kwana a bakinta. Suna zaune a rana suna kaɗi. Na je na durƙusa a gabansu.

Na ce, "Inna, na zo in hwaɗi gaskiya. Ni ce na hana tahiyar ga. Ba ni son Ankara. Wurin yayana nike so, na ce mishi in ba can ba, ba ni zuwa ko'ina."

Mazarin da ke hannunta ya tsaya. Ta ce, "Tun ranar tasha?"

"Tun ranar."

"Kina kallo ɗana shina shaƙewa duk ɗarin ga? Kina ji gari na yi mai dariya, kinka yi shiru?"

Na ce, "A yi min haƙuri, Inna."

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Ni da na ɗauke ki ɗiya. Mi ɗana ya yi miki da ba ki iya zama inuwatai?" Na kafe idona a ƙasa, hawaye na zuba, kuma na san ƙawar tata tana ɗauka na rashin kunya ne da aka kama. Inna ta sa aka kira maigida, ta ce, "Kai kuma ka biye mata?" Ya durƙusa a gefena ya ce, "Inna, a yi haƙuri." Iyakar abin da ya ce ke nan. Sai ta ce, "Ku tahi inda take so. Numhwashinka ya hi min komi."

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Aka daina yi wa maigida waƙa, aka koma tausaya masa. Ni kuwa a rijiya ba a ƙara tsokanata ba, sai dai in na iso hira ta mutu. Na gane ashe tsokanar nan ta da alheri ce. Mahaifiyata ta taso daga Kalfu a ƙasa, ta shiga ɗakin Inna ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifin, ta fito ta same ni ta ce ba haka ta rene ni ba, na zubar mata da mutunci a gidan surukai. Na so in faɗa mata, har na buɗe baki. Amma na san in ta ji, don ta wanke ni za ta faɗa wa wata. Na bar ta ta koma da fushinta.

Da zafi ya fara muka tafi. Wannan karon ba mu yi sallama da kowa ba, ba wanda ya raka mu sai maƙwabciyarmu ta gabas da ta ɗaukar mini ƙunshi ɗaya. Inna ta rungumi jikarta, ta sa wa ɗanta albarka. Da na durƙusa ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," tana kallon wani wuri. Cukun nan ta riga ta ba wani matafiyi ya kai Ankara.

Muka bi ta Ƙwanni da Doso da Yamai har Wagadugu. A can hanya take rabuwa. Yaran mota suna ta kiran masu zuwa Kumasi da Ankara, maigida ya ajiye kaya ya tsaya yana kallon motocin, har na ɗauka zai ce wani abu. Sai ya sunkuya ya ɗauki zabirarsa muka nufi tashar jirgin ƙasa.

Abijan ta karɓe mu da ruwan sama. Gaskiyar mai maganar funfunar nan ce, tufa ba ta bushewa. Yayana ya ba mu ɗaki a gidan da yake haya, maigida ya samu gindin wata bishiya kusa da kasuwa yana yi wa Adarawa aski, kafin a daɗe har da waɗanda ba Adarawa ba. Watannin da ake ɗari a gida suka zo suka wuce, ina kasa kunne, ban ji ƙirjinsa ya yi kuka ba sai ɗan tari. Ya yi ƙiba, ya koma dariya. Duk wanda ya zo daga Tawa yakan kawo gaisuwar Inna ga ɗanta da jikarta. Ni ba a taɓa kawo mini ba. Nakan aika mata da zane da sabulu, ana cewa ta karɓa. Bayan wasu shekaru ta rasu, tana alfahari da babban ɗanta mai shago a Ankara har ranar ƙarshe.

Bayan rasuwarta ne wan maigida ya zo Abijan. Ya rame, ya yi furfura, rigar da ke jikinsa ta yi masa yawa. Adarawan unguwarmu suka taru a tsakar gida don yi masa ta'aziyya da maraba, suna kiransa mai shago, don a wurinsu har yanzu haka yake. Na kawo ruwa na durƙusa daga nesa, kamar yadda mace take yi wa wan mijinta. Sai wani mai yawan barkwanci ya nuna ni ya ce, "To ga wadda ta ƙi garinka nan. Yau sai ka yi mata hukunci."

Aka yi dariya, kowa ya juya yana jiran abin da zai ce. Ya ajiye ƙwaryar ruwan. Ya gyara murya ya ce, "Na ji labari. Ba ta kyauta ba, amma ya wuce." Na ce, "A yi min haƙuri, Yaya." Mutane suka ce madalla, aka shiga wata hira.

Da la'asar bayan an watse, ina wanke kwanoni a bayan ɗaki, na ji tafiyar mutum ta tsaya kusa. Shi ne. Ya juya mini baya yana fuskantar bango. Ya ce, "Ƙanena ya hwaɗa min komi." Na ci gaba da wanke kwanonina. Ya ce, "Inna ta tahi tana hushi da ke?" Na ce ban sani ba, Allah kaɗai ya sani. Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya tafi.

Bai koma Ankara ba. Yayana ya ja shi cikin cinikin albasa, ya samu ɗaki a gidan da muke, ya zauna tare da mu shekaru masu yawa. Ni nake yi masa tuwo, yana goya ƴaƴana a kafaɗa ya kai su bakin ruwa kallon jiragen kamun kifi. Amma ni da shi ba mu taɓa iya haɗa ido ba. In ya shigo ta ƙofa ni kan shige ɗaki, in na fito shi kan tuna yana da wani uzuri a waje. Matan gidan, har da waɗanda ba Hausawa ba, suna nuna ni ga amare suna cewa su koyi yadda ake jin nauyin wan miji. Nakan yi murmushi in ci gaba da aikina.